Yadda ake ɗaukar hoton jariri da mai jego tun kafin ranar suna

Ranar suna a Damagaram wayoyi ba sa hutawa. A ɗauki rago, a ɗauki anko, a ɗauki ƙawaye sun jeru a tsakar gida. Amma bayan shekara, in kika bincika wayoyin gidan kaf, da wuya ki samu hoto ɗaya na uwar da ɗanta su biyu, a kwanaki shidan nan da suka gabaci taro, lokacin da take koyonsa yake koyonta. Wannan hoton nake so ki iya ɗauka, kuma wayar da ke hannunki ta isa. Da mace nake magana, don ɗakin mai jego mata ne ke shiga su zauna.

Mataki na farko, wayarki ta zauna cikin jaka. Ki yi sallama, ki yi barka, ki zauna ki dubi fuskarta. Daga kwana na 2 ko na 3 bayan haihuwa, mata da yawa kan shiga wani yanayi: kuka ba dalili, saurin fushi, fargabar ko ba za su iya ba. Sauyin sinadaran jiki ne da rashin barci, kuma yakan wuce cikin mako biyu. Ga zafin ruwan wanka safe da yamma, ga masu barka ba sa yankewa. In haihuwar fari ce, ga kuma kunya: ba ta son a ga tana kallon yaron, balle ta yi masa wasa gaban manya. Don haka ki tambaye ta a hankali, ku biyu: "Yaya, in ɗauke ku ke da shi, ko mu bari sai gobe?" In ta ce a bari, an bari. In ta yarda, ku tsayar da magana tun a nan kan wanda zai ga hoton, kuma da sanin mijinta.

A wurin ƙanwata na koyi wannan. Ta zo wankan gida wurin Innarmu a Birni, na je rana ta huɗu da waya cike da caji. Na tarar nono ya cika ya yi tauri, yaron ya kasa kamawa, yana ta tsala kuka, ita kuma hawaye na sauka kan zanenta ba ta ko sharewa. Wata baƙuwa daga bakin ƙofa tana cewa a ba shi ruwa, ai nonon bai ishe shi ba. Inna ta matso ta ce, "Ɗiyata, tatse kaɗan ya yi laushi, sannan ki miƙa masa." Ta tatse, ya kama, ɗakin ya yi tsit. Sai washegari na fito da waya, kuma hoton da ta fi so har yau babu fuskar kowa a ciki: ɗan hannunsa ne riƙe da bakin mayafinta.

Sai zaɓen lokaci. Mako biyun farko jariri yana yawan barci, yana naɗe jikinsa kamar yadda yake a ciki, shi ya sa hotonsa ke fin kyau a lokacin. Ki je da hantsi, tsakanin ƙarfe 8 da 10, bayan ta yi wanka ta sha kunun kanwa, shi kuma ya sha nono ya yi gyatsa. Sabon haihuwa yakan sha sau 8 zuwa 12 a dare da yini, saboda haka in ya fara juya kai yana tsotsar hannu, aikinki ya tsaya. Ba a jinkirta masa nono don hoto. Ki kuma lura da lokacin shekara. A Afrilu da Mayu, da zafin garin nan ke haura digiri 40, ki gama da wuri. A hunturu kuwa kada ki tuɓe shi, sanyi na kama jariri fiye da yadda kike zato. Ki ɗauke shi a naɗe cikin zanensa.

Mataki na uku shi ne haske, kuma nan ne yawancin hotunanmu ke lalacewa. Ki kashe fitilar kyamarar wayar, tana firgita yaro, tana kuma sa fata ƙyalli. Ki kashe ƙwan lantarkin ɗakin. Ɗakunan ƙasa na tsofaffin unguwanni irin Birni da Zango tagoginsu ƙanana ne, to ƙofa ita ce tagarki: ki ɗage labule, ki sa mai jego ta zauna kamar taku biyu daga bakin ƙofa, inda rana ba ta dukanta kai tsaye. Hasken ya zo mata daga gefe, ya sauka wa yaron daga wajen kai zuwa ƙafa. In ɗaya gefen fuskar ya yi duhu, wata ta riƙe farin zane a wajen, zai maido haske. Ki goge idon kyamara da bakin gyale, ƙurar garin nan ba ta barin komai. Ki taɓa fuskar yaron a allon waya don ta fito sosai, kuma maimakon jawo hoto da yatsa, ki matsa da kanki.

A bayan mai jego da yaron kuma ki kawar da robar wanka, kwanuka da tulin kayan barka. Zane mai launi ɗaya ko tabarma mai tsabta sun wadatar.

Kafin ki taɓa shi ki wanke hannu da sabulu, in kina mura ki zauna gida. Hotunan da kike gani a intanet, jariri ya yi tagumi ko an rataye shi cikin ƙyalle, da hannun babba ake riƙe da shi, daga baya a goge hannun a kwamfuta. Kada ki gwada. Kada a cusa shi cikin ƙwarya ko kwando a ɗora kan kujera. Wuyansa bai yi ƙwari ba, kullum a tallafe kai. Cibiya takan faɗi cikin mako ɗaya zuwa biyu, a bar ta a bushe, kada a shafa mata komai wai don ta yi kyau a hoto. A fitar da kaskon turaren wuta, hayaƙi ba ya yi wa ƙirjinsa daɗi. Kwalli ma ina roƙo a haƙura da shi, don wani yana ɗauke da dalma, ga shi idon jariri ba ya bukatar ƙari. In za ki ɗauka daga sama, ki riƙe wayar da hannu biyu.

Yanzu hoton shayarwa, wanda ya fi kowanne nauyi. Ba jikinta za ki ɗauka ba. Ki koma bayan kafaɗarta, mayafinta ya rufe abin da ya kamata, abin da zai fito shi ne ƙeyar yaron, kunnensa, da gefen fuskarta tana kallon ƙasa. Ko ki durƙusa ta wajen ƙafafunsa, ki kama yatsun nan da ke miƙewa suna lanƙwashewa yayin da yake haɗiya. Jariri ya fi gani a tazarar santimita 20 zuwa 30, kusan daidai nisan da ke tsakanin ƙirjin uwa da fuskarta. Idan ya buɗe ido yana sha, ita yake kallo. Wannan kallon za ki jira, ko da zai kai minti goma.

Ki yi shiru, ki kuma sallami ƴan kallo da ladabi. Sinadarin da ke sako nono yana aiki ne in hankalin uwa a kwance yake. Tsoro da jin kunya suna iya tsayar da shi. Kada ki ce ta gyara zama, ko ta sauya masa gefe, ko ta yi murmushi. In ta fara magana, ki sauke wayar ki saurara. A irin wannan zaman ne mace ke faɗin abin da ba ta faɗa wa masu barka: kan nonon ya tsage, tana jin tsoron duk lokacin da ya farka, an ce mata dakashi ba shi da kyau. Ki gaya mata abin da kika tabbatar. Dakashi shi ne rigakafinsa na farko, kuma ɗan kaɗan ɗin nan ya ishe shi, don cikinsa a ranar farko bai wuce girman ƴar magarya ba. Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF sun ce a sa jariri a nono cikin awa ɗaya da haihuwa, a ba shi nono zalla, ko ruwa babu, har wata 6, a ci gaba zuwa shekara 2, adadin da Alƙur'ani ya ambata a Suratul Baƙara ga mai son cika shayarwa. Ciwon kan nono kuwa sau da yawa daga kamun yaron ne, ungozomar asibiti za ta iya gyara mata shi.

In ya yi barci, ki ƙara da ƙananan abubuwa: tafin ƙafarsa cikin hannun kakarsa mai lalle, yatsan babansa cikin dunƙulen hannunsa.

Mataki na ƙarshe, ita za ta fara gani. Ki miƙa mata wayar, wanda ba ta so ki goge a gabanta. Na shayarwa ba na WhatsApp ba ne ko Facebook. Ki tura mata, ki share naki. Kada ki sa abin da ke hasko fata, launinsa na gaskiya ake so. In ma a hasken ƙofar kika ga idonsa ko fatarsa sun yi ɗorawa, ciwon shawara ne mai yiwuwa, a kai shi likita a ranar. Ki zaɓi biyu ko uku waɗanda ta amince da su ki kai a wanke a takarda, don waya tana ɓacewa, tana faɗawa ruwa. A bayan kowanne ki rubuta kwanan wata da kwanakin yaron.

Ki kai mata su da kanki bayan mako biyu ko uku, lokacin da hayaniyar suna ta lafa kuma masu barka sun ɗauke ƙafa. Ki sake duban fuskarta kamar ranar farko. In har yanzu kukan bai tsaya ba, ba ta cin abinci, ba ta barci ko da yaron ya yi, ko ta ce ba ta jin komai game da shi, wannan ciwo ne mai magani, ba rashin godiyar Allah ba. Ki yi magana da mijinta ko mahaifiyarta, ku raka ta asibitin unguwa ko Cibiyar Lafiyar Uwa da Yaro ta Zinder. In kuwa ta ambaci cutar da kanta ko yaron, kada a bar ta ita kaɗai, a tafi a ranar.