Yadda ake haɗa sifirulina don gyaran fuska

Koren garin nan da masu kayan kwalliya ke tallatawa da sunan sifirulina ba baƙo ba ne a yankinmu. Matan Kanembu na gefen Tafkin Cadi sun daɗe suna tace shi daga tafkunan kanwa, su shanya a kan yashi, su kai kasuwa da sunan dihe, a saya a yi miya. A 1964 wani masanin tsirrai ɗan Beljiyam, Jean Léonard, ya ci karo da shi a kasuwar birnin da ake kira Njamena a yau. A ido sai ki ce gansakuka ce, amma ƙwayar halitta ce dangin bakteriya mai haɗa abincinta da hasken rana. Kusan kashi 60 cikin 100 na busasshensa furotin ne, kuma yana da wani shuɗin sinadari, fikosayanin, wanda kamfanonin man shafawa ke nema.

Aikin daga saye yake farawa. Kada ki kuskura ki ɗebo koren da ke saman kududdufi ki ce ai duk ɗaya ne. Wasu danginsa suna fitar da gubar da ke lalata hanta, ta kuma feso ƙuraje, kuma ido ba ya bambance su. Nemi wanda aka rufe a leda ko kwalba, mai lambar NAFDAC da ranar lalacewa. Mai kyau kore ne shar, har yana ɗaukar shuɗi-shuɗi. In ya koma ruwan ƙasa, ya kwana biyu, bar musu abinsu. Ɗan ƙarni kamar na kifi kuwa halinsa ne. Dihen kasuwa ki bar wa tukunya, don ba ya rasa yashi, zai kuma karce miki fuska.

Kafin ya hau fuska, jiƙa kaɗan ki shafa a cikin damtse, ki wanke bayan minti goma, ki jira har gobe. Ƙaiƙayi ko kumburi ya biyo baya? To, ba naki ba ne.

Haɗin kansa ba wuya. Tankaɗe rabin cokalin shayi na garin a ƙaramin kwano, zuba cokalin shayi ɗaya na zuma, ki riƙa ɗiga ruwan sanyi kina juyawa har ya yi kaurin kunu. Ruwan sanyi fa na ce. Shuɗin nan ba ya jure zafi, da ya wuce digiri 50 ya fara lalacewa, kin yi asarar abin da kika saya da tsada. Lemon tsami da wasu ke matsawa a kowane haɗi ma ki bar shi, yana ƙona fata in rana ta taɓa ta.

Wanke fuska, shafa siriri, ki kauce wa ido da leɓe. Bayan minti 10 zuwa 15, tun bai bushe ya tsattsage ba, ki ɗauraye. Tanadi tsohon tawul, don yana rina farin kaya. Sai ki bi da ɗan man kaɗe, musamman da hunturu. Sau ɗaya ko biyu a mako ya wadatar.

Masu son zuba shi a man kaɗe kai tsaye su sani ba ya narkewa a mai, tsaki-tsaki zai zauna. A sabulun salo kuma launin dusashewa yake yi, ga shi minti ɗaya ruwa ya tafi da shi. A ganina ɓarnar kuɗi ce.

Abin da ya rage a kwanon ki zubar, ko da akwai firij, domin furotin da ruwa in sun kwana ƙwayoyin cuta suke tarawa. Garin kuma a rufe shi ruf, nesa da rana da tururin kicin.

Zai iya sa fata ta yi laushi, amma ba ya sa fari, ba ya kare zafin rana. Ƙyasbi, makero ko ƙurajen da ke ɗurar ruwa, wannan aikin likitan fata ne.