Darasi na 9: Yadda ake gane shamai a cikin ƙwarin da suka yi kama da shi

Da kaka, idan an cire gyaɗa an tara ta a gona domin ta bushe, akwai wani ƙwaro da yake shiga ƙarƙashin tarin. Manoma da yawa suna ce masa shamai. Yakan huda kwanson gyaɗa ya tsotse man da ke cikin ƙwayar. Daga waje kwanson lafiya lau, sai an ɓare a ga ƙwayar ta yamushe, ba nauyi, ga ɗaci. Masu yin ƙuli-ƙuli sun san wannan asarar, don irin wannan gyaɗa ba ta ba da mai. Haka yake yi wa riɗi idan an yanke an jingine shi.

Ba a ganinsa a fili da rana. Ka je da sassafe ka ɗaga tarin harawa, za ka ga suna watsewa da gudu suna shiga tsagar ƙasa. Ka kama guda ɗaya, ka sa shi a farar kwalba.

Fara da baki. Shamai ba ya tauna. Bakinsa dogo ne siriri kamar allura, a kwance ƙarƙashin ƙirjinsa, sai ka juya kwalbar za ka gan shi. Sannan dubi bayansa. Fukafukansa ɗaya ya hau kan ɗaya, rabin sama da kauri, rabin ƙasa shara-shara. Idan ka ga fukafukai masu tauri sun haɗu a layi ɗaya miƙaƙƙe, wannan dangin buzuzu ne, ka sake shi.

Shamai tsawonsa kusan santimita 1 ne, siriri, ruwan ƙasa mai duhu da ɗigo-ɗigo. Ƙahonninsa biyu, kowanne gaɓa 4. Cinyoyin ƙafafunsa na gaba sun fi sauran kauri. Amma alamar da ta fi raba gardama tana kan shara-sharan fiffiken nan. Jijiyoyin da ke wurin 4 ne ko 5 kawai. Ido ba ya isa a nan, sai ka ari gilashin ƙara girma wurin malamin gona, ko ka ɗauki hoto da waya ka buɗa shi.

Me ya sa muke ƙirga jijiya? Saboda ƙwarin da ke tsotsar wake ma ruwan ƙasa ne, mutane suna haɗa su da shamai. Su jijiyoyinsu suna da yawa, a jere reras, ba ka iya ƙirga su cikin sauƙi. Wani yana da ƙaya a kafaɗa, wani kuma baƙi ne babba mai kumburarriyar cinyar baya. A kan ɗanyen wake ake samun su, da rana tsaka.

A gonar auduga ƙwari biyu ne za ka lura da su. Jan nan babba mai baƙin tabo da fararen layuka a kan cikinsa, mai ɓata launin auduga, danginsa daban. Ƙaramin baƙin mai farin fiffike, wanda bai wuce milimita 4 ko 5 ba, shi ne ɗan uwan shamai. Cikin audugar da ta buɗe yake taruwa yana shan gurya, ana kuma ganinsa a busasshiyar kuɓewa da rama. Koren nan mai faɗin baya da wari kuwa, ƙahonsa gaɓa 5 ne, ba ya rikita kowa.

Akwai wanda bai kamata a kashe ba. Kansa siriri ne, da ɗan wuya, bakinsa gajere mai kauri a lanƙwashe. Ƙwari yake ci. Kada ka kama shi da hannu, cizonsa da zafi.

Idan ka tabbata shamai ne, kada ka bar gyaɗa ta daɗe a tare a gona. Tsige ta da wuri, ka shanya a wuri mai tsabta, ka kwashe tarkacen da suke ɓuya a ciki. Kada ka fesa wa gyaɗar ci magani sai da shawarar malamin gona.

Aikin gida: kawo ƙwari iri 2 a kwalba. Rubuta inda ka samo kowanne, da launinsa, da yawan gaɓoɓin ƙahonsa.