Yadda ake kare jarirai da ƙananan yara daga nutsewa a ruwa

Da an ce yaro ya nutse, hankalin mutane kogi yake tafiya ko dam. Alhali yaron da ke rarrafe ko tatata, bokitin wanki ma ya ishe shi. Kansa yana rinjayar jikinsa, da ya leƙa sai ya faɗa da ka, kuma ba shi da ƙarfin ɗagowa. Ba ya ihu, domin baki da hanci suna cikin ruwa. Uwa tana madafi, taku goma ne tsakaninsu, ba za ta ji ko motsi ba. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2024 ya ce mutum wajen 300,000 ne ruwa ya ci a 2021, kusan kashi ɗaya cikin huɗu yara ne da ba su kai shekara biyar ba.

Aikin farko, a zagaya gidan ana duba duk inda ruwa yake kwana. Bokiti da baho a zubar da ruwansu a kife da zarar an gama wanki, har wanda aka jiƙa kaya a ciki. Duro da randa a yi musu murfi mai nauyi, banɗaki a sa masa sakata ta sama inda hannun yaro bai kai ba.

Rijiya ce babbar magana. Jami'an kashe gobara a Kano sun sha ciro yara daga rijiyoyi da kududdufai. Taya da ake ɗorawa a bakin rijiya ba kariya ba ce, wurin dafawa ce a leƙa. Tsohuwar langa-langa ko katakon da ya ruɓe kuwa, a ganina sun fi rashin murfi sharri, domin yaro yana ganinsu zai taka. A kira magini ya ɗaga bakin rijiyar ya kai ƙugun babba, a sa murfin ƙarfe da kwaɗo, kuma wanda ya ja ruwa shi zai kulle. Ramin masai da aka haƙa ba a rufe ba, da kangon maƙwabta da ruwa ya taru a ciki, a yi musu shinge tun kafin damina.

Sai wankan jariri. A tara soso, sabulu, tawul da mai kusa kafin a zuba ruwa. In aka yi sallama ko waya ta yi ƙara, a naɗe shi a tawul a tafi da shi. "Bari in ɗauko abu yanzun nan" shi ne kalaman da ake kuka da su daga baya.

Na gaba, a san wanda yaro yake hannunsa. Ranar suna ko biki gida ya cika, kowa yana zaton wani ne ke kallo. A ambaci mutum da sunansa: "Inna, ga Abba nan a hannunki har in dawo," kuma a jira ta amsa. Yayarsa 'yar shekara bakwai ba mai tsaro ba ce, ita ma ƙawaye na kiranta ta tafi. A ƙauyukan Bangladesh an gano cewa yara sun fi nutsewa da hantsi, lokacin da iyaye mata ke fama da aikin gida, sai aka riƙa tara su wurin mace guda daga ƙarfe 9 na safe zuwa 1 na rana, mutuwar ta ragu ƙwarai. Matan gida uku ko huɗu za su iya yin haka bi da bi. Yaro mai farfaɗiya kuwa, ko ya girma, ba a barinsa kusa da ruwa shi kaɗai. A kwalekwale, a sa wa kowane yaro rigar kariya daga nutsewa daidai jikinsa, kada a shiga wanda aka yi wa lodi fiye da ƙima.

In yaro ya ɓace, a fara duba ruwa kafin a fita cigiya, domin ƙwaƙwalwa tana fara lalacewa cikin 'yan mintoci idan ba iska. Da an ciro shi, wani ya nemo mota ko ya kira 112, lambar agajin gaggawa. Kada a riƙe ƙafafunsa a juya kai ƙasa, kada a danna ciki wai ruwa ya fita. Ɓata lokaci ne, kuma amai zai iya shiga huhu. In ba ya numfashi, a kwantar da shi rigingine a ƙasa mai tauri, a ɗan ɗaga haɓa, a hura masa iska sau 5, kowace har ƙirji ya taso. Jariri ana haɗa bakinsa da hancinsa a hura a hankali. Sannan a danna tsakiyar ƙirji sau 30 da sauri, kamar sau biyu a daƙiƙa, da manyan yatsu biyu ga jariri, hannaye suna kewaye da ƙirjinsa, da tafin hannu ɗaya ga wanda ya wuce shekara. A hura sau 2, a koma dannawa, kada a tsaya ko a cikin mota. In ya farfaɗo, a kwantar da shi ta gefe, a cire jiƙaƙƙun kaya a lulluɓe shi, a wuce asibiti ko da ya tashi yana wasa, saboda matsalar huhu tana iya bayyana bayan wasu awoyi.