Yadda ake talla da kiran jama'a a zaurukan intanet ba tare da an kore ka ba

Zauren farko da na shiga da niyyar talla, kwana uku na yi aka fitar da ni. Na teloli ne a Facebook, ni kuwa sana'ata gyaran kekunan ɗinki da sayar da su, sai na ga kamar an tara mini kasuwa a wuri guda. Na saka hoton keke da lambar waya da safe, na sake da rana, na ƙara da daddare. Mai kula da zauren ko jan kunne bai yi mini ba, cire ni kawai ya yi. Da na huce na ga gaskiyarsa. Mutane na zaune suna hirarsu, baƙo ya faɗo ko sallama babu, yana ta ihun a zo a saya.

Saboda haka duk wanda ya tambaye ni ta ina zai fara, cewa nake ya shiga ya kama bakinsa, mako biyu ko uku. Ka karanta dokokin zauren, ka gane su wa ake jin maganarsu, sannan ka samu littafi kana rubuta tambayoyin da ake ta maimaitawa, da ainihin kalmomin masu tambayar. A zaure na biyu da na shiga, uku ne suka fi yawa: me ke sa zare tsinkewa, me ke sa ɗinki tsallake, wane mai ya kamata a ɗiga wa keke. Na dinga amsawa dalla-dalla, ban ce ina sayar da komai ba. Sana'ata tana rubuce a ƙarƙashin sunana, mai so zai duba. Kafin wata biyu, da an yi tambaya kan keke sai wani ya ce a kira malam mai gyara. Wannan kiran da wani ya yi da bakinsa ya fi hotuna ɗari da zan saka da hannuna.

Kada shirun mutane ya karya maka gwiwa. A 2006 wani masanin yadda ake amfani da shafukan intanet, Jakob Nielsen, ya bayyana cewa a yawancin irin waɗannan zauruka kashi 90 cikin 100 karatu kawai suke yi, kashi 9 kan tofa albarkacin bakinsu jefi-jefi, kashi 1 ne ke yawancin maganar. Idan ka amsa wa mutum ɗaya, akwai tarin jama'a a bayansa suna karantawa. Mafi yawan waɗanda suka kawo mini keke ban taɓa ganin sun ce uffan a zauren ba.

Matsalar zaure ita ce amsar da ka ɓata awa guda kana rubutawa, gobe saƙonni sun binne ta. A nan bulog ke shigowa, wato shafinka na kanka a intanet inda kake ajiye rubuce-rubucenka. Blogger, wanda ya fara a 1999 kuma Google ya saye shi a 2003, da WordPress da ya fito a 2003, duk ana iya buɗe shafi a kansu kyauta. Kowace tambaya a littafin nan naka ta zama rubutu guda, kanunsa kuma ya zama tambayar kamar yadda mutum zai rubuta ta a Google. Nawa na farko sunansa "Me ke sa zare tsinkewa a keken ɗinki", da hotuna huɗu da na ɗauka da waya: allurar da ta lanƙwashe, wadda aka sa a baibai, zaren da aka ɗaure da ƙarfi, da ƙurar yadi da ta taru a ƙasa. A can ƙarshe layi ɗaya tak, cewa in an gwada duk wannan bai yi ba ga yadda za a same ni. Idan tambayar ta sake tasowa a zaure, sai in ba da gajeriyar amsa mai gamsarwa, in ce cikakken bayani yana shafina. Adireshin shafi tsurarsa ba tare da amsa ba, shi ma talla ce, kuma masu kula da zaure sun san ta.

Akwai wani dalilin da ya sa nake nace wa shafin kai. Dandalin sada zumunta gidan haya ne. An rufe dandalin gajerun bidiyo na Vine a 2017, an rufe Google+ a watan Afrilun 2019, masu mabiya a can suka wayi gari hannu rabbana. A Janairun 2018 Facebook ya sanar da cewa zai fifita rubuce-rubucen dangi da abokai a kan na shafukan kasuwanci, sai masu shafuka suka ga mabiyansu ba sa ganin abin da suke sakawa sai sun biya. To ka riƙa tara imel ko lambobin mutanen da suka yarda ka riƙa tuntuɓarsu. Na ce waɗanda suka yarda. Jefa mutum cikin zauren WhatsApp ba da izininsa ba, hanya ce mafi sauri ta sa ya toshe lambarka. Kuma kada girma ya ruɗe ka: zauren WhatsApp na ɗaukar mutum 1,024, na Telegram har 200,000, amma ni na fi cin moriyar ƙaramin zauren da na san masu cikinsa da sunayensu.

Sai batun gaskiya, wanda a nan ne manya ma suke faɗuwa. A 2006 wasu mace da namiji suka riƙa zaga Amurka a mota suna kwana a harabar shagunan Walmart, suna rubuta yadda ma'aikatan ke jin daɗin aikinsu. Daga baya ta bayyana cewa wata ƙungiya da kamfanin hulɗa da jama'a na Edelman ya kafa wa Walmart ce ta ɗauki nauyin tafiyar, har shugaban Edelman ya fito ya ba da haƙuri. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Tun 2009 hukumar kula da kasuwanci ta Amurka ta wajabta wa masu bulog su bayyana in an biya su ko an ba su kaya kyauta. Ko babu irin wannan doka a inda kake, ka faɗa. Idan na yabi wata allura, nakan ce ina sayar da ita. Kuma kada ka buɗe asusun bogi kana yabon kanka, salon rubutunka zai tona ka.

In wani ya yi ƙorafi a bainar jama'a, ka amsa a bainar jama'a, kada ka goge. A 2005 ɗan jarida Jeff Jarvis ya rubuta wahalar da ya sha da kwamfutar Dell a bulog ɗinsa, masu irin kukansa suka yi caa, kamfanin ya yi jinkirin tankawa, sunansa ya sha suka. A 2007 Dell da kansa ya buɗe shafin IdeaStorm don jin ta bakin masu saye.

Kiran jama'a zuwa wata manufa hanyarsa ɗaya da talla, sai dai a nan lokacin mutum ko kuɗinsa ko sa hannunsa kake roƙo. Na koyi wannan ne da muka so tara masu ba da gudummawar jini albarkacin ranar 14 ga Yuni, ranar masu ba da jini ta duniya. Rubutuna na farko dogo ne mai taɓa zuciya. Aka yi ta danna alamar so, ana ta "Allah ya saka", ranar kuwa daga ni sai abokaina biyu. Laifina ne, ban ce wa kowa ga abin da zai yi ba.

Dubi waɗanda suka yi nasara. A 2014, ƙalubalen nan na sheƙa wa kai bokitin ruwan ƙanƙara abu uku ya nema: ka sheƙa, ka ba da gudummawa, ka ambaci mutum uku su ma su yi cikin awa 24. Ƙungiyar ALS Association, mai yaƙi da cutar jijiyoyi ta ALS wadda dominta aka yi ƙalubalen, ta tara dala miliyan 115. Ranar 18 ga Janairun 2012, Wikipedia ta Turanci ta rufe shafinta na awa 24 don adawa da ƙudurin dokar SOPA ta Amurka kan satar fasaha a intanet, ta bar wa Amurkawa ɗan akwati su sa lambar yankinsu su ga ɗan majalisar da za su kira. Bayan kwana biyu aka jingine ƙudurin. A Birtaniya, koken da ya samu sa hannu 10,000 a shafin majalisa gwamnati za ta ba shi amsa, in ya kai 100,000 a duba yiwuwar muhawara a kansa. Kowanne akwai takamaimiyar buƙata, akwai wa'adi, akwai wanda ake nufi da kiran.

A karo na biyu layi huɗu na rubuta: rana, wuri, lokaci, da cewa mai zuwa ya rubuta "zan zo". Na roƙi mutum uku da ake girmamawa a zauren su fara rubutawa, domin ba mai son zama na farko. Daren jajibiri na bi duk wanda ya amsa na tuna masa, ɗaya bayan ɗaya. Washegarin taron na dawo da rahoto: mutum nawa suka zo, nawa aka ɗiba, nawa aka ce su dawo wani lokaci, da godiya ga kowa. Hoton mutum kuwa ban saka ba sai da ya amince. Wannan rahoton shi ake yawan mantawa, alhali shi ke sa a amsa kiranka na gaba.

Game da auna ko aikin yana ci, ban cika kallon yawan mabiya ba. A littafin nan da na fara rubuta tambayoyi na ja layi a shafin baya. Duk wanda ya kawo keke ko ya zo ba da jini sai in tambaye shi a ina ya ji labari, in rubuta. Ƙarshen wata in ƙirga. Zauren da ya yi wata uku bai fito a shafin ba nakan rage zama a cikinsa, rubutun da aka fi ambata kuma in koma in ƙara masa hotuna.