Yadda ake zaƙulo X(3872) daga karon dalma da dalma

Hadaron ƙwayoyi ne da aka gina da wasu ƙananan ƙwayoyi da ake kira kwak. Waɗanda muka saba da su kwak uku ne, kamar furoton, ko kuma kwak ɗaya da kishiyar kwak (antikwak) ɗaya. X(3872), wanda gwajin Belle na Japan ya gano a 2003, ya ƙi shiga wannan sahu. Wasu masana na cewa kwak huɗu ne a dunƙule, wasu kuma suka ce hadaron biyu ne, D0 da kishiyar D*0, suka riƙe juna sako-sako, tunda nauyinsa kusan daidai yake da jimillar nasu. Ni dai ina ganin karon dalma na iya raba wannan gardama, shi ya sa nake so ɗalibanmu su san yadda aikin yake.

Ana ɗaukar atam ɗin dalma nau'in 208, a tuɓe masa ilektaron 82 ɗinsa kaf, a tura cibiyarsa cikin zoben LHC, na'urar gwara ƙwayoyi mai kilomita 27 a cibiyar bincike ta CERN, kan iyakar Suwizalan da Faransa. A 2018 an gwara su da ƙarfin TeV 5.02 (TeV, GeV da MeV ma'aunan ƙarfi ne, da su ake auna nauyi ma) ga kowane nukiliyon biyu, wato furoton ko nutiron. Zafin karon na narkar da furoton da nutiron su zama ruwan kwak da gulun, ƙwayoyin da ke ɗaure kwak da juna. Da ruwan ya fara hucewa, kwak nau'in cam da aka haifa tun farkon karon sai su yi ta haɗuwa da na kusa da su, jefi-jefi X ya fito.

To, a nan aikinka yake farawa, don X ba ya kaiwa ga na'ura, nan take yake tarwatsewa, sai dai ka bi sawun ƙwayoyin da ya bari, miyon da payon. Ka nemo miyon biyu masu cajin da ya saɓa, waɗanda nauyinsu a haɗe ya ba da MeV 3097, wato nauyin hadaron J/ψ da ya haife su. Ka ƙara musu payon biyu, mai cajin ƙari da mai na ragi, ka tabbatar duk huɗun daga wuri ɗaya suka taso. Matsalar ita ce karo ɗaya kan fitar da dubban sawu, kusan duk payon da ka ɗauko baƙo ne. Dole a yi sheƙa, ƙaiƙayi ya tafi tsaba ta zauna. Ƙungiyar CMS, ɗaya daga cikin masu gwaji a LHC, ta horar da kwamfuta a kan kwaikwayon karon har ta iya bambance haɗin gaskiya da na katari, ta kuma tsaya ga masu ƙarfin tafiya a karkace tsakanin GeV 15 da 50.

Kafin ka duba MeV 3872, nauyin X, a jadawalin nauyin huɗun a haɗe, duba 3686. A nan hadaron ψ(2S) yake, shi ma ta wannan hanya yake tarwatsewa. In bai yi tudu a jadawalinka ba, koma ka gyara tacewarka. Sannan ka ware waɗanda hadaron B ya haifa; za ka gane su don sun taso nesa kaɗan da inda aka yi karon, ba 'ya'yan ruwan kwak ba ne.

Daga karo kusan biliyan 13, X kamar 100 CMS ta samu, da tabbacin sigima 4.2 (ma'aunin da ke nuna ba katari ba ne), bai kai 5 ɗin da ake bukata kafin a ce an gano ba. Yawansa ya yi kusan kunnen doki da na ψ(2S), alhali a karon furoton kusan kashi ɗaya cikin goma ne. Kada ka yi saurin yanke hukunci da wannan, kuskuren awon yana da faɗi ƙwarai. Inda ya kamata a matsa yanzu shi ne ƙasa da GeV 15, don a can haɗuwar kwak ta fi yawa, kuma a can tacewar ta fi wuya.