Sababbin zuwa Amurka masu sayen motar kwana: ku koyi mayar da silaid da hannu

'Yan uwa sababbin zuwa, musamman masu nufar aikin mai a Midland da Odessa a Tekzas, na lura duk wanda ya ji kuɗin haya sai ya ruga ya sayi tsohuwar motar kwana, wadda ake kira RV. Ba laifi, nima haka na fara, kuma mutanenmu masha Allah akwai juriya. Takardu ba wuya: ka karɓi takardar mallaka da sunanka, ka yi rajista da inshora, lasin ɗinka na ƙaramar mota ya isa a yawancin jihohi in nauyinta bai haura fam 26,000 ba. Ka dai tambayi masu filin hayar da za ka ajiye ta, wasu ba sa karɓar motar da ta wuce shekara 10.

Abin da ya ba ni wuya shi ne silaid, ɗakin nan da ke fitowa daga gefen motar kamar durowa. Ranar da kuɗin filina ya ƙare, mai filin na tsaye yana duba agogo, na danna maɓalli, shiru. Ga shi ba a hawa titi da ɗaki a waje, faɗin da doka ta yarda da shi ƙafa 8 da rabi ne. Sai da na biya kuɗin ƙarin kwana na kira makaniki, ya zo bai yi minti 10 ba ya gama, wallahi har yau in na tuna raina ɓaci yake. Bara kuma wani ƙanenmu ya kira ni da dare kan wannan matsalar, wai shi da abokansa suna ta dannar ɗakin da kafaɗa. Haba malam!

Ka fara da batir, don ɗan injin da ke tura ɗakin da wutar batir mai bolt 12 yake aiki, in batirin ya yi sanyi ba zai motsa ba. Ka jona wutar filin ko ka ta da mota, ka duba fis, ka ja birkin hannu domin wasu motocin ba sa barin silaid ya motsa sai da shi. Ka leƙa saman ɗakin ko reshe ko ƙanƙara ta tokare.

In duk lafiya, to sai ka san irin naka. Mai ƙarfen haƙori a ƙasa, ka cire kan batir tukuna, ka shiga ƙarƙashi za ka ga noti a jikin injin ko sanda da ta ɓullo ta ɗaya gefen, galibi soket mai inci 3/4 ke kama shi, ka yi ta juyawa a hankali. Wasu akwai ɗan hannun birki a bayan injin, sai ka sake shi, in ka gama ka mayar. Da ka ji ɗakin ya zauna ka tsaya, ƙarin juyi karya giya yake.

Nawa kuwa Schwintek ne na kamfanin Lippert, mai layukan haƙori a gefen ɗakin da inji biyu a ɓoye cikin bango, ba shi da notin juyawa sam, shi ya sa na sha wahala. Akwai ƙaramin akwatinsa a ma'ajiyar ƙasa, ka danna maɓallin jikinsa sau 6, a na 7 ka riƙe har fitilu ja da kore su fara ƙyaftawa, sannan ka koma ciki ka danna na bango. Abin da makanikin ya yi ke nan na biya shi! In hakan ya ƙi, ka zare wayoyin injinan biyu daga akwatin, ku samu mutum biyu ko uku kowane gefe ku tura tare daidai wa daida, kar gefe ɗaya ya riga ɗaya ya karkace. Ya shiga, ka mayar da wayoyin don injin ya riƙe shi.

Silaid mai igiyar ƙarfe da mai aiki da matsin mai (haidirolik) su da injin huda ake juya su, littafin motarka zai nuna maka wurin.

Kafin ka kama hanyar gareji ka tokare ɗakin daga ciki da katako tsakaninsa da bango, in ba haka ba a kwana ta farko yana iya zamewa waje.