Yadda na gyara bututun famfon tankin kifina

Tankin kifin ruwan gishiri da nake kiwo a nan Sakkwato famfo biyu gare shi: ɗaya na zuƙe tsohon ruwa, ɗaya na zuba sabo. Sai na ga ruwan na raguwa kullum. Da farko zafin Afrilu na zarga, tunda yana ƙafar da ruwa. Ashe bututu ne! Na fitarwa faɗin cikinsa milimita 4, na shigarwa milimita 3, kuma mai 4 ɗin yana ɗebo kusan ninki biyu a kowane juyin famfo. Na mayar da su duka milimita 3, tsawo ɗaya, na riƙa tara ruwan kowane famfo a kofi na minti ɗaya har awon ya zo daidai. Yanzu ma'aunin gishirin ruwan tankin na zaune a 1.025, inda ake so.